Wani ya tare ni da zagi da barazana, da na ba da labari aka ce na ƙara gishiri

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Makonni uku da suka wuce na tashi daga aiki da yamma, na nufi inda na ajiye mota, sai wani mutum da ban taɓa gani ba ya sha gabana, wai na goge masa mota. Wallahi ban taɓa motarsa ba. Kafin in buɗe baki ya hau zagi, yana matsowa har ina jin hucinsa a fuskata. Da na shiga mota ya riƙe ƙofar, ya kai wa gilashi naushi. Ni kuwa jikina ya mutu, abin da kawai na ji bakina yana maimaitawa shi ne "yi haƙuri, yi haƙuri". Ban ma san yadda aka yi na ja motar ba. Da na isa gida na gaya wa yayana, sai ya ce, "Me kika ce masa? Ruwa fa ba ya tsami banza." Wata abokiyar aikina ta tambaye ni kalar rigarsa da lambar motarsa, na kasa faɗa, ta ce anya ban ƙara gishiri ba, ai da abin ya kai haka da na yi ihu. Yanzu ni kaina na fara shakkar kaina. Barci ya yi mini wuya, kuma na daina ajiye mota a wajen. Shin kuskure na yi da na ba shi haƙuri? Yaya kuma zan yi da waɗanda ba su yarda da ni ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai, ga abin da ya kamata ki ji tun daren da abin ya faru: na yarda da labarinki. Ba don in sanyaya miki zuciya kawai na faɗa ba. Abubuwan da aka kafa hujja da su a kanki, rashin ihu da ba da haƙuri da manta kalar riga, su ne muka saba ji daga bakin wanda ya tsorata da gaske.

Idan barazana ta tunkaro mutum, wani ɗan ɓangare a can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala ne ke fara ɗaukar saƙon, kuma ba ya jiran shawarar ɓangaren da ke tunani da auna magana. Nan take sinadarin adiranalin zai kwarara cikin jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, yatsu su daina jin magana. Makullin da kike zirawa kullum ba tare da kin kalla ba, ranar sai ya yi ta dukan gefen ramin ya ƙi shiga. Tun a 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard da ke Amurka ya bayyana wannan shiri na jiki, cewa yana tanadar mutum ne don faɗa ko gudu. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai hali na uku, wato sandarewa: ƙafa ta yi nauyi, murya ta maƙale a maƙogwaro. Ba ragwanci ba ne, kuma ba zaɓa ake yi ba. Yana samun maza da mata, har da waɗanda suka sha alwashin cewa su kam ba za su tsaya ba.

Haƙurin da kika ba shi kuwa ba kuskure ba ne. Ki tuna, "yi haƙuri" a bakinmu ba amsa laifi ba ce. Kalma ce da muke yayyafa wa duk wanda zuciyarsa ke tafasa. Mutumin da ya riƙe miki ƙofa yana naushin gilashi ba gaskiya ya zo nema ba, kuma da kin tsaya nuna masa cewa babu ko ƙwarzane a motarsa, da wuta kika ƙara wa mai. Ba ki san shi ba, ba ki san abin da ya sha ba, ba ki san abin da ke aljihunsa ba. A irin wannan wuri nasara ɗaya ce tak, mutum ya bar wajen da lafiyarsa, kuma kin bar shi.

In Allah ya sa hakan ta sake faruwa, abin yi ba shi da yawa. Ki bar tazarar da hannunsa ba zai kai gare ki ba, hannuwanki a fili, murya ƙasa, magana gajera, ba musu a kan wa ke da gaskiya. Ki nufi inda mutane da haske suke, kada ki yarda a ja ki gefe "a yi magana". In kin shiga mota ki kulle ƙofofi, in kuma kin ga ana bin ki kada ki nufi gida, ki nufi ofishin 'yan sanda ko wuri mai jama'a. Ɗaukar hoto da waya yana da amfani daga nesa, amma a kusa yana iya ƙara tunzura shi. Idan muryarki ta fito, ki nuna mutum guda ki ce, "Kai mai farar riga, taimake ni." Gwajin da John Darley da Bibb Latané suka yi a 1968 ya nuna cewa idan masu ji suna da yawa, kowa yakan bar wa wani. Amma kada wannan ya sa ki fid da rai da mutane: a 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa sun duba hotunan kyamarorin titi na rigingimu 219 a biranen Amsterdam na Holland da Lancaster na Ingila da Cape Town na Afirka ta Kudu, suka samu cewa a tara cikin goma an samu wanda ya shiga tsakani.

Yanzu maganar riga da lambar mota, don na lura ita ta fi cin ki. Ƙwaƙwalwa ba kyamara ba ce. A lokacin tsoro hankali yakan tsuke ya tattaru a kan abin da zai iya cutar da ke, sauran duniya ta dushe. Elizabeth Loftus da abokan aikinta sun gwada wannan a 1987: suka nuna wa mutane hotunan wani mutum a gaban mai karɓar kuɗi, wasu suka gan shi riƙe da bindiga, wasu riƙe da takardar cekin banki. Waɗanda suka ga bindiga idonsu ya fi daɗewa a kanta, kuma sun fi kasa gane fuskar mutumin daga baya. Ke bindigarki ita ce dunƙulen hannunsa. Ina kyautata zaton in kin rufe ido za ki ga gaɓoɓin yatsunsa a jikin gilashi, ki ji ƙarar, ki ji hucin nan da kika ambata. Wannan kika adana, domin shi ne ke barazana ga ranki. Riga ba ta yi miki barazana ba.

Saboda haka ina roƙonki abu guda: ki ɗauki takarda yau ki rubuta abin da kika tuna, da rana da lokaci, ki bar giɓi a inda yake giɓi. Kada ki cike shi don ki gamsar da mai tambaya. A nan ne masu gaskiya da yawa suke faɗawa rami. An matsa musu, sai su ce "ina jin shuɗiya ce", gobe su ce baƙa, jibi a ce ga shi labari ya canza. "Ban tuna ba" cikakkiyar amsa ce, ko a gaban ɗan sanda. In kina son kai ƙara haƙƙinki ne ko da bai taɓa jikinki ba, kuma ki hanzarta tambayar masu gadin wajen ko akwai kyamara, don yawancinsu sabon ɗauka yana goge tsoho bayan kwanaki ko makonni. Ko ba ki kai ƙara ba, ki sanar da masu tsaron wajen, saboda wadda za ta ajiye mota a can gobe.

To me ya sa yayanki, wanda ba na shakkar yana ƙaunarki, ya tarbe ki da "me kika ce masa"? Masanin halayyar ɗan Adam Melvin Lerner ya daɗe yana bincike a kan wannan. A 1966 shi da Carolyn Simmons suka sa ɗalibai kallon wata mata da suka ɗauka ana jona mata lantarki duk lokacin da ta yi kuskure a wani gwaji. Da masu kallon suka ga ba su da ikon dakatar da wahalarta, sai suka koma ganin baƙinta, suna rage mata daraja. Mutum yana so ya yarda cewa masifa ba ta faɗa wa kowa haka kawai. Idan ke kika jawo, to akwai dabarar kaucewa, shi da iyalinsa sun tsira. Idan kuwa ba ki yi komai ba, to gobe kowa ma zai iya gamuwa da shi, kuma wannan tunani ne mai nauyi. A wajen ɗan'uwa namiji sau da yawa akwai ƙarin wani abu, zafin cewa an ci mutuncin ƙanwarsa ba ya nan, sai zafin ya fito a matsayin tuhuma. Ban faɗi haka don in wanke shi ba. Karin maganar da ya kawo ba a muhallinta take ba. Akwai mutanen da suke fitowa da tsaminsu tun daga gida, wanda suka fara cin karo da shi kawai suke juye wa.

Ita kuma abokiyar aikinki tana zaune ne a kujera, zuciyarta na bugawa daidai, ta riga ta san ƙarshen labarin. Wani masani mai suna Baruch Fischhoff ya nuna a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya ga kamar tun farko a fili yake. Ke a lokacin ba ki san ko naushi na gaba a gilashi zai sauka ko a fuskarki ba.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan ƙaryatawar, kuma ba raki kike yi ba da ta dame ki. A 2000 Chris Brewin da abokan aikinsa suka tattara gomman bincike a kan abin da ke sa firgici ya zauna wa mutum bayan tashin hankali, suka ga rashin samun goyon baya daga na kusa yana cikin mafiya ƙarfin dalilai. Wancan mutumin ya tsorata ki na 'yan mintoci. Yayanki da abokiyar aikinki kuwa, ba da niyya ba, sun sa kin yi makonni uku kina gurfanar da kanki.

Shawarata ita ce ki daina maimaita labarin don neman a gaskata ki. Duk lokacin da kika sake shi a gaban mai shakka, kin mai da shi alƙali, kin mai da kanki wadda ake tuhuma. Yayanki ya cancanci zama ɗaya, a lokacin da hankalin kowa ke kwance. Ki ce masa, "Yaya, ranar nan na tsorata ƙwarai, kuma tambayar da ka yi mini ta fi zagin mutumin yi mini ciwo. Ba bincike nake so ba, so nake ka ce mini sannu." Da yawa sukan sauko idan aka gaya musu abin da ake buƙata ƙarara. In bai sauko ba, kin sauke naki. Abokiyar aiki kuwa ba ta bin ki bashin bayani. "Abin da ya faru ke nan, ba na son mu sake tayar da shi" ya wadatar. Ki nemi mutum ɗaya da zai saurare ki har ƙarshe ba tare da ya katse ki da "da kin yi kaza" ba.

Rashin barci da zabura da gudun wajen abu ne da aka saba gani a makonnin farko, kuma ga yawancin mutane yana lafawa da kansa. Idan ya wuce wata guda bai ragu ba, ko mafarkin abin yana tashin ki, ko ya fara taɓa aikinki, ki ga likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai magani ta hanyar zama da tattaunawa, kuma yana aiki. Abin da nake so ki kula da shi tun yanzu shi ne ƙaurace wa wajen, don gudu yana ba da sauƙi yau amma yana ciyar da tsoron gaba. In masu gadi sun tabbatar miki mutumin ba mai zirga-zirga a wajen ba ne, ki koma da rana tsaka tare da wanda kika amince da shi. Ki tsaya a daidai inda motarki take ranar, ki ja numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, har sai kin ji bugun zuciyarki ya sauka. Washegari ki ajiye motar a can, ki ce wani ya raka ki lokacin tashi.