Na Faɗi Jarrabawa Sau Biyu, Har Na Daina Zuwa Sujada

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni budurwa ce mai shekara 26, kuma sau biyu ke nan ina faɗuwa jarrabawar ƙarshe ta aikin jinya. A karo na biyu na yi azumin kwana bakwai, har na tsaya a gaban ikkilisiya na ce da yardar Allah zan dawo da shaida. Ranar da sakamako ya fito, sau uku ina bin jerin sunaye da yatsa, ban ga nawa ba. Yau wata huɗu rabona da majami'a, domin ba na iya haɗa ido da waɗanda suka yi mini addu'a, rigar mawaƙa ma na ninke ta na sa a ƙasan akwati. Wata 'yar'uwa ta ce lalle akwai zunubin da ban tuba da shi ba. Mama, ko Allah ya juya mini baya ne? Da wane ƙarfi zan sake zama jarrabawar?

'Yarki cikin Ubangiji

'Yata, na karanta wasiƙarki cikin tausayi, kuma rigar nan da kika ninke ta fi sakamakon damuna.

Maganar 'yar'uwar nan kada ta zauna miki a rai. A Yahaya 9:1-3, da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, sun tambayi Yesu ko laifin mutumin ne ko na iyayensa, shi kuwa ya ce ba na ko ɗayansu ba ne. Mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta ɗora miki kayan da Ubangiji bai ɗora miki ba.

Ina so ki zauna ki karanta labarin Markus a natse. Saurayi ne da ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta farko ta bishara, amma da suka isa ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su ya koma Urushalima (Ayyukan Manzanni 13:13). Da lokacin tafiya ta biyu ya yi, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi, saɓanin ya yi tsanani har manyan ma'aikatan nan biyu suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus (15:37-39). Ki yi tunanin kunyar da saurayin nan ya sha, a ce saboda gazawarsa shugabanni suka raba hanya. Duk da haka, bayan shekaru, wasiƙa ta fito daga kurkuku inda Bulus ke roƙon Timoti ya zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima (2 Timoti 4:11). Abin da ke tsakanin wancan ƙi da wannan kira shi ne mutum guda da ya riƙe hannunsa, da kuma shi Markus ɗin da ya yarda ya sake shiga jirgi. Ke ma kina bukatar Barnabanki, ba za ki same shi ba kuwa muddin kina ɓoye a ɗaki.

Akwai kuma gaskiyar da zan faɗa miki a matsayin uwa. Azumi ibada ce mai daraja, amma ba ciniki ba ne da Allah, bai kuma ɗauke miki nauyin gano inda kike tuntuɓe ba. Ki je wurin malamar da kika amince da ita, ku duba tare ko wace takarda ce ta kayar da ke sau biyun, ko ƙarancin sani ne, ko ƙurewar lokaci, ko fargabar da ke kama mutum a ɗakin jarrabawa, domin kowanne da maganinsa. Ki riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, kada kuma ki shiga jarrabawa da yunwa ko rashin barci. Idan baƙin cikin ya kai ga hana ki ci da barci, ko ya sa rayuwa ta fita daga ranki, ki gaya wa fasto da likita ba tare da jinkiri ba.

Lahadin nan mai zuwa ki fito da rigar, ki goge ta. In tsayawa cikin mawaƙa ya yi miki nauyi, ki zauna a kujerar baya, wanda ya tambaye ki kuma ki ce masa ba ki ci ba, kina shirin sakewa, ya ci gaba da sa ki a addu'a. Ki rubuto mini bayan kin ga malamar, ina jiran labarin abin da kuka gano.

Mamanki cikin Almasihu