Amsa ga 'yar ƙanena a kan azumin iyali

'Yata, saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin damuwa ta biyo baya. Kin ce babban ɗanki yana son ya wuni bai ci bai sha ba kamar abokansa Musulmi na makaranta, tun da azuminmu na Kiristoci kafin Ista ya haɗu da nasu a 2025, maigidanki kuma ya ce shi azuminsa na bana barin Facebook ne, har kina tambayata wanne ne daidai a cikinsu. Ni dai ban taɓa tsammanin zan rayu har in ji ana lissafa waya cikin abin da ake yi wa azumi ba.

Dokar Ikilisiyar Katolika ba ta da nauyin da kuke zato. Daga Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi a fara azumin, zuwa Ista kwana 46 ne, idan aka cire ranakun Lahadi sai 40 su rage, kuma tun 1966 da Fafaroma Bulus na shida ya sassauta, azumin dole ya tsaya a Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Almasihu, a dokar yanzu kuma yana kan wanda ya cika shekara 18 bai shiga ta 60 ba. Barin nama a ranakun Juma'a kuwa daga shekara 14 yake farawa. Saboda haka yaronki, da bai kai waɗannan shekaru ba, babu abin da ya hau kansa, amma kada ki kashe masa wannan sha'awa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, barin nama bai zama mana wani gwaji ba, tun da sai Kirsimeti ko biki muke ganinsa. Abin da muka sani shi ne tukunyar kakarki. Ran da aka shafa mana toka, sai ta wanke wata tsohuwar tukunya ta ajiye a bakin rumbu, kuma duk lokacin da aka auno dawar tuwon dare, kowane ɗan gida sai ya ɗebi cikin tafin hannunsa daga kason ya zuba a ciki. Kakanki yakan ce, abin da ka hana bakinka ba naka ba ne kuma, na mai yunwa ne, idan ka mayar da shi rumbu to tattali ka yi, ba azumi ba.

Azumin 1974 shi ne wanda ba zan manta ba. Farin 1973 ya ƙone gonaki, rumbunmu bai kai rabi ba, ga zafin bazara, tuwon ma sau ɗaya ake tuƙawa. Mahaifinki, yana ƙaramin yaro a lokacin, ya tsaya gaban tukunyar ya dunƙule hannunsa a kan dawar, ya ce shi ba zai zuba ba, ai Allah yana gani mun riga mun yi azumi tun kaka. Duk muka yi shiru muna jiran bulala. Kakarki ba ta ce masa komai ba, sai ta ce ya riƙe abinsa ya biyo ta. Ta kai shi bukkar wata tsohuwa da 'ya'yanta suka tafi cin rani Kaduna ba su aiko da ko kwabo ba, suka same ta tana dafa ganyen tafasa babu ko ƙuli-ƙuli. Da suka dawo da kansa ya zuba, kakarki kuma ta ce masa, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ranar Juma'ar gicciye, bayan mun bi katikis, mai koyar da addini a cocinmu, mun zagaye gari da Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da tafiyar Almasihu zuwa wurin gicciye, muna durƙusawa a kan ƙasa mai zafi a tsayawa 14 ɗin nan, shi ne ya ɗauki ƙwaryar dawar a kansa zuwa gidan tsohuwar, yana tafiya yana hura hanci kamar shi ya nome ta.

Abin da yake damuna da ku 'yan birni shi ne kowa da azuminsa a ɗakinsa. Uba ya bar wannan, uwa ta bar wancan, yara ba su ga komai da idonsu ba, da yamma kuma a cika tebur da kifi da soye-soye har ya fi na sauran ranaku tsada. Da, bayan tuwon dare kakanki yakan sa a karanta mana Ishaya sura 58, inda aka ce ka raba abincinka da mayunwaci, ko Matiyu sura 6, wadda ta hana mai azumi ɓata fuska don mutane su gani, sa'an nan mu yi addu'a tare a kwanta.

Ki sami gwangwani ko kwano ki ajiye inda kowa zai gani. Ranar Juma'a ki dafa abu guda mai sauƙi, wake ko fate, ku ci tare a lokaci ɗaya, kuɗin naman da na lemon kwalba kuma yaran su jefa da hannunsu. Yaron ya karya kumallo ya tafi makaranta, ya sha ruwa sosai a wannan zafi, idan ya so ya bar kuɗin alawarsa. A Makon Mai Tsarki ku bar yaran su zaɓi gidan da za a kai abin da aka tara, kuma ku je da su a ƙafa, kada ku aika direba.