Daga gida sai shago: me zan ɗauka ya yi kyau a hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne, ina taya mahaifina zama a shagonsa na dabino da kayan shayi. Na yi tari na sayi waya mai kyamara uku, amma duk hoton da na ɗauka lami yake fitowa. Abokaina sun ce abin ɗauka ne ba ni da shi, in tafi bakin teku. Ni kuwa daga gida sai shago. Akwai dabarar da za ta sa abin da nake gani kullum ya tsayar da ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka ba su faɗa maka daidai ba. A 1930 wani Ba'amurke mai suna Edward Weston ya sa tattasai ƙwaya ɗaya a cikin mazurarin kwano ya ɗauke shi hoto, kuma har yau ana rataye hoton a manyan gidajen baje kolin zane. Tattasai fa, irin na miya. Abin da ya kama shi ne yadda haske ya bi lanƙwasar jikinsa. To kai ma hasken shagonku za ka fara bincika kafin ka zargi waya.

Na tabbata dogayen fitilun nan farare ne a saman rufinku. Suna da kyau ga ciniki, amma su ke kashe maka hoto, domin suna zubo haske daga sama ko'ina bai ɗaya, su shafe inuwa, alhali inuwa ce ke nuna wa ido tudu da kwari. Gobe da safe, kafin masu saye su fara shigowa, kashe su. Ɗauki baƙin dabinon nan, ajwa, guda biyar ka ɗora a kan faranti kusa da bakin ƙofa, inda hasken waje ke shigowa amma rana ba ta dukan wurin kai tsaye. Ka tsaya yadda ƙofar za ta kasance a damanka ko hagunka, ba a bayanka ba. Yanzu duba: kowane tamojin da ke jikin dabinon ya sami gefe mai sheƙi da gefe mai duhu, har mai kallo ya ji kamar ya kai hannu. Idan ɓangaren inuwar ya yi duhu da yawa, tsayar da farin kwali a can gefen ya dawo da ɗan haske. Kwalin da kuke zubarwa ma ya isa.

Akwai tarko a nan. Kyamara ba ta san ajwa baƙa ba ce. Ita kullum tana ƙoƙarin mayar da abin da ke gabanta tsaka-tsaki, don haka sai ta ƙara wa baƙin abu haske ya fito toka-toka, ta kuma rage wa fari ya fito kamar an daɗe ba a wanke ba. Shi ya sa farar jallabiya ke yin dishi-dishi a hoto. Maganin: taɓa dabinon a fuskar wayar, alamar rana za ta fito a gefe, ka ja ta ƙasa har baƙin ya koma baƙi. Ga farin tufa kuma ka ɗan ja sama.

Shayi kuwa akasin haka yake so. Tururi ba ya fitowa sai haske ya biyo ta bayansa, sannan bangon da ke can baya ya kasance mai duhu. Ajiye kofin gilashi tsakaninka da taga, ka ɗan karkace yadda tagar kanta ba za ta shiga hoton ba, ka sa wani ya tsiyaya daga buta yana ɗaga hannu. Jan shayin zai kama kamar an kunna masa wuta a ciki. Ka ɗauka da yawa a jere, tururi ba ya maimaita siffa. Filashi dai ka manta da shi.

Sai maganar tsayuwa. Kusan kowa a tsaye yake ɗaukar hoto, waya daidai fuska, shi ya sa hotunan mutane ke kama da juna. Durƙusa. Juya wayar kai ƙasa yadda idon kyamarar zai kusa taɓa kantar shagon, sai ka ga tulin sukkari ya zama kamar duwatsun Ɗa'if. Ko ka hau kujera ka leƙo buhunan citta, kanumfari da kirfa daga sama, launukan su jeru. Idan za ka matsa kusa da fuska ko kofi, yi amfani da kyamarar da aka rubuta wa 2x ko 3x ka ɗan ja baya, domin babbar kyamarar tana kumbura duk abin da ya kusance ta. Kuma kafin ka danna, bi kusurwoyi huɗun da ido. Leda, wayar caja, gefen kwandon shara, su ne ɓarayin hoto.

Ran da ka sami sarari, shiga Balad, tsohon garin Jidda. Tun 2014 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma kowa gidan yake ɗauka gaba ɗayansa. Kai ka nemi inuwar da tagogin katakon nan, rawashin, ke zanawa a bango, ka jira kyanwa ko mai keke ya ratsa. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, lokacin da rana ta kwanta gefe. Idan kuma hasken gab da magariba kake so, ka riga shi isa, don ba ya jiran kowa. Wani abu da ya taɓa cin ni: na fito daga mota mai sanyi a watan Agusta na hau ɗaukar ango da abokansa, ashe raɓar Jidda ta rufe gilashin, duk suka fito kamar a cikin hazo. Ka ba wayar 'yan mintuna ta saba da zafin waje, sannan ka goge.

Ka kiyaye fuskokin mutane, musamman mata. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Nemi izini tukuna. Sau da yawa ma hannu ya fi fuska ba da labari: hannun mai tamis yana zaro burodi daga tanda, ko na tsoho riƙe da carbi.

Fara da hannun Baba yana auna dabino a sikeli, da hasken ƙofa a gefensa. Ka ɗauki ashirin, kowanne daga wuri daban, ka zaɓi uku ka turo min. Ka kuma gaishe min da shi.