Fatar cinyata ta saki bayan na rage ƙiba: ko tiyata za ta gyara ta?

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 42, ina zaune a Nima, a nan Accra. Bayan an gano ina da ciwon sukari na rage kilo 35 cikin shekara ɗaya da rabi, amma yanzu fatar cinyoyina ta saki, tana gugar juna idan ina tafiya har tana yi mini ƙuraje. Shin tiyata za ta gyara ta, kuma ana yin ta a Ghana?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, domin abin da kika yi ya fi kowace tiyata amfani ga lafiyarki. Fata tana da zaruruwa masu talewa su koma, amma idan kitse ya yi shekaru yana miƙe su, sai su gaji kamar robar siket da ta daɗe, kuma yawan shekaru yana ƙara raunana su. Motsa jiki yana gina tsokar da ke ƙarƙashi, amma ba ya mayar da fatar da ta yi yawa, haka ma mayukan da ake tallatawa a Facebook.

Tiyatar tana nan, kuma abin da ake yi shi ne a yanke rarar fatar a ɗinke sauran, wani lokaci a haɗa da zuƙe kitsen da ya rage. Idan sakin ya tsaya a saman cinya, ana yanka a lanƙwasar matsematsi inda tabon zai ɓuya. Amma ga wadda ta rage nauyi mai yawa irin naki, yawanci sakin yana kaiwa kusa da gwiwa, don haka yankan yakan bi tsawon cinya ta ciki daga matsematsi zuwa gwiwa. A nan nake so ki tsaya ki yi tunani, domin musaya ce ake yi: ki ba da fata, ki karɓi dogon tabo wanda ba ya gushewa, ko da yake yana dusashewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu da ƙaiƙayi, saboda haka ki nuna wa likita hujin kunnenki da duk wani tsohon ɗinki, musamman idan an taɓa yi miki aikin haihuwa.

A ganina cinya tana cikin wuraren da suka fi wahalar warkewa. Wuri ne mai gumi da danshi, ga shi kowane taku yana jan ɗinkin, ga kuma zafin Accra, shi ya sa buɗewar wani sashe na ɗinki ba baƙon abu ba ne. Ruwa yana iya taruwa a ƙarƙashin fata, ƙwayoyin cuta na iya shiga, kuma da yake aikin yana kusa da inda kaluluwa ke fitowa, ƙafa kan kumbura na makonni. Haɗarin da ya fi tsanani shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda ya sa ake tayar da mutum ya ɗan taka da wuri.

Kada ki yi gaggawa. Ana son nauyinki ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata 6, sukarinki ya daidaita, jininki ya isa, a kuma duba ko kina da sikila. Idan kina shafa man canza launin fata, ki faɗa wa likita ba tare da kunya ba, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana rauni haɗewa.

Bayan aikin za ki sa matsattsen wando na musamman na kimanin mako 6. Aiki mara nauyi yakan yiwu bayan mako 2 zuwa 3, amma tsuguno, hawa toro-toro (ƙaramar bas ta haya) da doguwar tsayuwa a kasuwa sai sun jira. A kwanakin farko ma sallah a kan kujera za ki yi.

Game da wurin yi, akwai sashen tiyatar gyaran jiki a asibitin koyarwa na Korle Bu, akwai kuma a Komfo Anokye da ke Kumasi. Idan asibitin kuɗi kika zaɓa, ki tabbatar likitan ƙwararre ne a wannan fanni kuma yana da rajista da Hukumar Likitoci ta Ghana. Inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, ba ta biyan tiyatar kwalliya, don haka ki nemi a rubuta miki kuɗin gaba ɗaya, har da na wankin rauni da na gyara idan ɗinki ya buɗe. Kafin lokacin, ki riƙa busar da wurin sosai bayan wanka, ki sa dogon wandon auduga a ƙarƙashin zane, ki kuma kai ƙurajen a duba, domin a mai ciwon sukari sau da yawa ƙwayar cutar fata ce da ake kira naman gwari (fungus), wadda ake magancewa da man shafawa.