Sigarin lantarki a cikin kwalin tocila: amsa ga wani ɗan kasuwar Katsina

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan waya a cikin garin Katsina, caja da batir da murfin waya. Samari suna yawan tambayata sigarin lantarki, irin mai ƙamshin mangwaro da kankana. Dillalin da ke yi mini sayayya a ƙasar Sin ya ce akwai irin wanda ake zuƙa a yar idan ya ƙare, an karya farashinsa tun da aka hana shi a Ingila. Ya ce zai rubuta tocila a takardun kayan, in kuma ina tsoron Legas sai a sauke a Maraɗi a shigo da shi ta Jibiya. Jarina naira miliyan uku ne, ina son in zuba biyu. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kada ka zuba kuɗin nan.

Dillalinka bai yi ƙarya ba a kan Ingila. Tun ranar 1 ga Yuni 2025 aka haramta sayar da irin wanda ake zuƙa a yar a faɗin Birtaniya. Ostireliya ta hana shigo da shi tun Janairun 2024, Indiya kuwa ta haramta sigarin lantarki gaba ɗaya tun 2019. Ita kanta Sin, inda masana'antun Shenzhen ke ƙera mafi yawan wanda duniya ke sha, ta hana sayar da masu ƙamshin 'ya'yan itace a cikin gida tun Oktoban 2022, amma ta bar ƙofar fitar da su waje a buɗe. To ka ga inda arahar ta fito. Kaya ne ya yi kwantai, manyan kasuwanni sun rufe masa ƙofa, ana neman wanda zai kwashe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dabarun kauce wa doka kuwa tsofaffi ne a wannan harka, kuma yana da kyau ka san yadda kowacce ta ƙare. A 2016 Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar da ta ce tankin na'urar kada ya wuce mililita 2, kwalbar ruwan nikotin kada ta wuce mililita 10, ƙarfinsa kuma kada ya haura miligiram 20 a kowace mililita. Sai masu shaguna suka koma sayar da babbar kwalba marar nikotin, su haɗa wa mai saye da ƙaramar kwalbar nikotin ya je gida ya gauraya. A Amurka, da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta hana ƙananan kwanson ruwa masu ƙamshi a farkon 2020, dokar ba ta taɓa na zuƙa-a-yar ba, sai kasuwa ta koma can. Da aka matsa wa Puff Bar, wani kamfani mai sayar da na zuƙa-a-yar, sai ya ce shi nikotin ɗinsa ba na ganyen taba ba ne, a ɗakin gwaji aka haɗa shi, don haka hukumar taba ba ta da iko da shi. A watan Maris 2022 majalisar dokokinsu ta toshe wannan kafa. A Ingila ma, da haramcin 2025 ya matso, masana'antu sun liƙa wa na'urar wurin caji da kwanson da ake canzawa, suka ce ai wannan ba na yarwa ba ne.

Lura da waɗanda suka ci moriyar duk wannan. Masu masana'anta ne da manyan kamfanoni masu lauyoyi, waɗanda za su iya sauya ƙirar kaya cikin makonni. Ranar da aka toshe kafa, su sun riga sun karɓi kuɗinsu. Wanda kaya ke jibge a sitonsa shi ne ke kwana da asara. Mu nan ma mun ga irinta a watan Mayun 2018, ranar da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Wanda ya cika shago da shi da yamma, gari ya waye masa da kayan da ba ya iya ɗorawa a kan kanta.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015, da ƙa'idojinta na 2019, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana ciniki ta intanet. An tsara ta ne da taba sigari a zuciya, shi ya sa wasu ke ganin akwai sarari ga na lantarki. Ni wannan sararin bai ba ni natsuwa ba ko kaɗan, domin irinsa ne sanarwa ɗaya daga Abuja ke rufewa. Ga Hisbah kuma a gida, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2023. Ba na jin za ka so a tsaya da mota a ƙofar shagonka ana kwashe kwalaye, maƙwabta na kallo.

Batun rubuta tocila kuwa, wannan ya ma fita daga sahun dabara. Ƙarya ce a takardar kwastan, kuma hukuncinta ƙwace kaya ne, ban da abin da zai biyo baya. Sunan wa ke kan takardar? Naka. Dillali yana can, ya ci ladansa, ba zai mayar maka da ko sisi ba, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara, domin a rubuce tocila ka saya. Hanyar Maraɗi ma kai ka fi ni sanin halinta. An rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. 'Yan kasuwa nawa ne kayansu suka maƙale a ƙetare, suna biyan kuɗin ajiya har ya cinye ribar?

Akwai kuma abin da dillali ba zai faɗa maka ba game da kayan kansa. Kowane guda yana ɗauke da ɗan batirin litiyam da auduga jiƙe da ruwa. Ba ya son zafi, kai kuma ka san yadda shagon kwano yake a Katsina a watan Afrilu. Na taɓa tsayawa wani abokin ciniki ya buɗe kwalin irin wannan a gabana. Ƙamshin mangwaro ya cika shagon tun kafin ya yanke salatif, ƙasan kwalin ya jiƙe ya yi danƙo, ya riƙa ɗaukar ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, wasu ko fitilarsu ba ta kamawa. Batir ya mutu tun a hanya, ba kuma wurin caji. Caja ko murfin waya, in sun shekara biyu a kan kanta, kuɗinka na nan. Wannan kuwa kowace rana raguwa yake yi.

Sai abin da ya fi damuna, kuma na san kai ma ya taɓa zuciyarka tun da ka tsaya tambaya. Su waye waɗannan samarin? Dattijon da ya shekara talatin yana shan taba, yake neman hanyar bari, ba shi ke tambayar mai ƙamshin kankana ba. Yara ne 'yan sakandare da 'yan ajin farko na jami'a, waɗanda yawancinsu ba su taɓa kunna sigari ba. Nikotin kuma yana kama mutum, ya fi saurin kama mai ƙananan shekaru. Shagonka yana tafiya ne da amanar unguwa. Ranar da wani uba ya tsinci abin nan a aljihun rigar makarantar ɗansa, ya tambaya aka ce wajen Alhaji aka saya, ba shi kaɗai za ka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari a masallaci.

Miliyan biyun nan kashi biyu cikin uku ne na jarinka, kuma ko a kan kaya mai tsabta ba na ba da shawarar zuba haka a sabon abu. In kana son amfani da dillalinka na Sin, sa shi ya nemo maka abin da Katsina ke nema kullum saboda rashin wuta: fawa-bank na gaskiya, fitilun sola, ƙananan fankoki masu caji kafin zafin bazara ya shigo. Fara da dubu ɗari biyar. Ka ce ya aiko da samfur guda biyar ka gwada da hannunka tsawon mako biyu, ka ga ko ƙarfin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Ka tambaye shi takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kaya ta hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, tun kafin ka tura kafin alƙalami, a kuma rubuta ainihin sunan kaya a takarda. In ya fara kame-kame a kan waɗannan biyun, ka nemi wani dillalin.