Auren takarda don shiga Amurka: an ɗaura a masallaci, ko ina da miji?

Tambaya: Malam, ni 'yar ƙasa ce a Amurka, ina zaune a Bronx. Kawuna ya roƙe ni in auri ɗansa a takarda don ya samu shigowa, in ya samu katin zama na dindindin mu rabu. Da na je gida aka ɗaura a masallaci saboda hotuna, babana ya ba da ni, aka ajiye sadaki. Ba mu taɓa keɓewa ba. Yanzu na samu manemi na gaskiya. Wani malami ya ce aure da niyyar saki ya halatta, kuma nawa ma ba aure ba ne.

Amsa: 'Yata, abin da kika faɗa a tsakiyar magana kamar ba komai ba, shi ne kan hukuncin. Waliyyi ya bayar, shaidu sun ji, an ajiye sadaki. Aure na cikin abubuwa ukun da wasansu ma gaskiya ne. Ki dakatar da wannan manemi yau, don ba a neman aure a kan aure.

Ki tambayi babanki abu ɗaya: an ambaci wa'adi lokacin siga? In an ambata, mutu'a ce, wato auren wa'adi, ɓatacciya, sai a warware ta. In ba a ambata ba, ke matar ɗan kawunki ce har ya sake ki. Tunda bai sadu da ke ba kuma ba ku keɓe ba, babu idda, rabin sadaki naki ne.

Maganar malamin nan kuwa tana cin karo da kanta: in ba aure ba ne, me ake halattawa? Gaskiya ne da yawa daga magabata sun inganta auren matafiyin da ya ɓoye niyyar saki a zuciyarsa. Amma suna magana ne a kan mutumin da ya zauna da matarsa, ya ciyar, ya tufatar, kuma zuciyarsa na iya juyawa ya riƙe ta. Ko a nan Imam Malik ya ce ba halin mutanen kirki ba ne, Auza'i ya kira shi mutu'a, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta hana shi a 2006 saboda yaudarar da ke ciki. Ku kuwa ba niyya kuka ɓoye ba, shiri kuka yi da baki, babu zama, babu ciyarwa. Sannan za ki zauna gaban jami'in shige da fice, ki yi rantsuwa, ki miƙa hotunan masallaci a matsayin shaidar zaman da babu shi. Wane magabaci ne ya halatta shaidar zur don wanda ake yi wa ba Musulmi ba ne?

Ki kuma san abin da kike sa wa hannu. Takardar ɗaukar nauyi, I-864, ba ta faɗuwa da saki; tana wuyanki har ya zama ɗan ƙasa ko ya cika kusan shekara 10 yana aiki. Dokar Amurka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000 kan auren bogi. Kafin ki janye takardun ki ga lauyan shige da fice.

Na san nauyin kawu, kuma na san za a ce kin yanke zumunci. Kada ki tunkare shi ke kaɗai; babanki ne ya ɗaura, shi zai je ya karɓo miki sakin, a rubuce, gaban shaidu biyu. In kina da hali, ki taimaka wa yaron da kuɗin karatu ko jari.

Wallahu a'alam.