Amsa: Wace tsohuwar kyamarar fim zan fara da ita?

Malam, tunda kuɗinka kaɗan ne, nemi Pentax K1000. An ƙera ta daga 1976 zuwa 1997, kuma ko babu batir tana ɗaukar hoto, awon haske kawai ke buƙatarsa. Canon AE-1 da ka ambata tana da kyau, amma batir na mutuwa ta tsaya cik.

Kafin ka biya, buɗe bayanta ka duba soson da ke tare haske. In ya narke yana manne wa yatsa, hotunanka za su fito da jan tabo. Sannan ɗaga gilashin gaban kyamarar, wato lens, ka haska fitila, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce, bar musu kayansu.

Kuma fara neman inda ake wanke fim 35mm, irin fim ɗin da waɗannan kyamarori ke amfani da shi, don masu wankin sun yi ƙaranci.